Silin Izga a Hannun Babanku

Da sunan Allah na ɗauki biro yau, kuma ba don marmari ba. Na so in tsallake shekarar rasuwar babanku a cikin tarihin gidanmu da nake rubuta muku kamar yadda na tsallake wasu, in ce babanku ya yi jinya ya rasu, Allah ya jiƙansa, in buɗe sabon shafi. Ba zai yiwu ba. Baffanku Sale yana can Dutsi ba shi da lafiya, kuma tun ranar da aka kai babanku makwancinsa babu ɗayanku da ya taka ƙofar gidansa. Ke Ummi, da bakinki kika ce min ko a hanya kika hango shi sauya titi za ki yi. Kai Nura, ka yi aure, an yi maka haihuwa, ko goron suna ba ka aika masa ba. Dalilinku ɗaya ne: kun ce shi ya ɗaure wa babanku ƙarin da ya fito masa a hannu da izgar saniya, har ciwon ya bazu ya kashe shi. To ku nemi wuri ku zauna ku karanta, don abin da kuka riƙe a zuci shekarun nan ba haka yake ba, kuma ni ba labari aka ba ni ba, ina wurin.

Kun tashi kun ga Baffa Sale tsoho ne mai sanda, mai ƙarancin magana, amma ba ku san matsayinsa wurin babanku ba. Kakanku ya rasu babanku bai isa kiwo ba. Yaya Sale ne ya goya shi, ya koya masa shanu, ya yi masa aure. Har babanku ya yi furfura, ya je Makka, ya zama mai fataucin shanun da ake miƙewa a gaisar a kasuwar Mai'adua, Yaya bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Auta. Shi kuwa babanku kun san shi, in ya kafe a kan magana ko jaki ya san da zamansa, amma Yaya na yin gyaran murya sai ka ga ya sunkuyar da kai. Mutum biyu kaɗai na san suna iya juya shi, Yaya da ke, Ummi. Sunan mahaifiyarsu aka sa miki, shi ya sa ni ba na kama shi, su kuma daga shi har Yaya "Uwata" suke ce miki. Kina 'yar mitsitsiya in kika ce ya cire hula sai ya cire. Ni da na haife ki sai in yini ina magana ba a ji ba.

Akwai aikin da aka san Yaya da shi tun daga Dutsi har ƙauyukan bakin iyaka. In maraƙi ya yi tsiro a wuya ko a fuska, irin mai ɗan siririn gindin nan, shi ake kira. Sai ya zaro sili daga izgar saniya, ya murza shi, ya zagaye gindin tsiron ya ɗaure tam. Jini ya daina shiga, abin ya yi baƙi, ya bushe, wata safiya a tarar ya faɗi. Haka ungozoma take yi wa jaririn da ya zo da ɗan yatsa na shida, ba wanda ya ɗauke shi abin tsoro. Mutane ma suna kawo masa nasu, ni kaina ya taɓa cire min ɗaya a bayan kunne. Don haka ban yi mamaki ba da kuka ji an ce izga kuka ce Baffa.

Abin da ba ku sani ba shi ne labarin farar saniya, don lokacin kuna yara. Tsiro ya fito mata a fatar ido, ja, yana tsattsafo da jini. Yaya ya ɗaure kamar yadda ya saba, abin ya faɗi, ya yi murna. Damina ba ta ƙare ba tsiron ya dawo, ya fi da faɗi, ya cinye idon, wuyanta ya yi ƙulli-ƙulli. Saniya ta rame, ta kama tari, aka ce a yanka kafin ta mutu mushe. Mahauci na buɗe ta ya ja da baya yana salati, huhun duk fararen ƙulalai. Malamin dabbobi ya zo ya duba, ya ce ciwon daji ne, irin wanda yake kama mutane, a haƙa rami a binne, ko kare kada a ba. Bayan an rufe ramin Yaya ya daɗe tsaye a kai. Da na kai masa ruwa ya ce min:

"Malama, na ɗauka shaƙe abin nan na yi. Ashe korarsa na yi ciki."

Tun daga ranar, duk tsiron da yake zubar da jini, ko mai faɗin gindi, Yaya ba ya taɓa shi, ko na dabba ko na mutum. An sha yi masa magiya yana ƙi.

To a shekarar da nake magana, Babbar Sallah da damina ta zo. Babanku yana da wani tsohon tabo a damtsen hannun hagu, ƙasa da gwiwar hannu, inda bijimi ya taɓa cakarsa yana saurayi. A kan tabon nan wani nama ya tsiro, bai wuce ɗan goro ba. Ni na fara gane shi, don ni nake wanke riguna, kullum sai in ga ɗigon jini a hannun riga. Na yi magana, aka ce ƙurji ne. Na sake yi, aka ce Malama ta cika tsoro, koyar da 'yan firamare ya sa komai ya zame mata abin tambaya. Sai Allah ya kawo ki hutu daga makarantar koyon aikin jinya, Ummi. Kika zaunar da shi a kan tabarma, kika naɗe masa hannun riga, kika danna gefen abin, kika lalubi hammatarsa. Ina kallon fuskarki, na ga ta sauya.

"Baba, wannan ba ƙurji ba ne. Gobe mu je asibiti a yanki kaɗan a gwada."

"Gobe? Uwata, Sallah ta ƙarato, kasuwa ta buɗe. Wanda bai yi ciniki yanzu ba sai baɗi. Ki bari a yi layya, da ƙafata zan je."

"To ka yi min alkawari ba wanda zai taɓa shi. Ba wanzami, ba mai magani, ba ɗauri."

"Na yi miki alkawari."

Kika koma makaranta hankalinki kwance, don a iya saninki babanku bai taɓa yi miki alkawari ya saɓa ba.

Ba a daɗe ba muka je Dutsi suna. Bayan la'asar su biyu suna zaune a gindin bishiyar bedi ta ƙofar gida, na kawo musu fura. Ban kai ga juyawa ba na ga babanku ya naɗe hannun riga ya miƙa wa Yaya damtsensa.

"Yaya, ɗan ɗaure min wannan, ya ishe ni. Riga ba ta yini fara a jikina."

Yaya ya kama hannun, ya juya shi wajen haske, ya bi gefen naman da ɗan yatsa a hankali. Sannan ya saki.

"Auta, wannan ba nawa ba ne."

"Kamar yaya ba naka ba? A gabana ka cire waɗanda suka fi shi."

"Ka tuna farar saniya?"

Babanku ya fashe da dariya.

"Haba Yaya, saniya ka mai da ni?"

"Nama duk nama ne. Ka je inda yarinyar ta ce. In kasuwa kake ji, ni zan tsaya maka a kan shanun har ka dawo."

Na jira in ga ya sunkuyar da kai kamar kullum. Bai sunkuyar ba. Ya sauke hannun riga, ya sha furarsa, ya kawo zancen ruwan sama. Da za mu tafi ya ce bari ya leƙa garke ya ga maruƙa, ya shiga shi kaɗai ya fito. Ban kawo komai a raina ba.

Washegari da hantsi na shiga ɗakinsa da kunu. Na tarar da shi zaune bakin gado, ya zagaye gindin naman da silin izga, baki ɗaya a haƙoransa, ɗayan a hannun dama, yana ja. Saura kaɗan kwano ya suɓuce min.

"Innalillahi! Alhaji, me nake gani haka?"

Ya ƙulle, ya ciji silin ya tsinke, sannan ya ce in rufe ƙofa.

"Wallahi ba zan rufe ba! Jiya-jiya Yaya ya hana ka. Ina alkawarin da ka yi wa yarinya?"

"Kafin ta dawo hutu ya faɗi ya warke. Ba abin da za ta gani sai tabo, tabon kuma dama yana nan."

Na ɗauko reza na ce sai na tsinke, ya mai da hannu baya ya miƙe tsaye. Na ce to zan kira Ummi. Ya ce yarinya tana cikin jarrabawa, in na tayar mata da hankali bai yafe ba. Na yi faɗa har muryata ta dushe, maƙwabta suna jin mu. Da na ga ba ci gaba sai na kira Yaya. Washegari da sassafe ya iso a kan mashin, rigarsa duk taɓo, amma babanku ya san zai zo, tun asuba ya bi motar shanu ya tsallaka iyaka sayen kaya. Bai dawo ba sai da abin ya bushe ya faɗi. Ya shigo gida yana fara'a, ya nuna min wurin, ɗan rami ja mai zobe kewaye da shi.

"Malama mai boko, ina likitan naki?"

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi ranar, har na yi dariya. Aka yi Sallah, aka ci nama, zancen asibiti ya mutu. Da kika kira, Ummi, ya ce miki abin ya baje da kansa, Alhamdu lillahi.

Da kaka ƙarin ya dawo. Wannan karon ba shi da gindi balle a ɗaure, shimfiɗe yake, yana ruwa, yana wari, ga kaluluwa a hammata mai tauri kamar tsakuwa. Babanku ya koma sa riguna masu kauri yana fesa turare, ya daina cin abinci a gaban mutane. Ranar da hannun ya kumbura har agogo ya ƙi shiga, shi da kansa ya ce min in shirya. A asibitin nan Daura aka yanki kaɗan aka aika gwaji, sakamako ya dawo, aka tura mu babban asibiti can gaba da Kano. Ranar tafiya muna fitowa muka tarar da Yaya a ƙofar gida da tabarmarsa da butarsa. Ba wanda ya kira shi, ba kuma wanda ya ce masa ya koma.

Ummi, daga makaranta kika same mu a can. Likitar mace ce, siririya mai tabarau, ba ta da hayaniya. Ta buɗe hannun, ta duba, ta ga zoben da izga ta bari. Ta ɗago kai.

"Wannan an ɗaure shi. Wa ya ɗaure?"

Kika juya kika kalli babanku, shi kuma ya kalli ƙasa. Mutumin da yake tsayawa gaban bijimi mai faɗa ba ya ko gezau, na ga gumi yana bin wuyansa. Ba ciwon yake tsoro ba a lokacin, idonki yake tsoro. Na buɗe baki ke nan, Yaya ya riga ni.

"Ni ne."

"Baffa! Kai? Na ce kada a taɓa! Na ce kada a taɓa!"

"Kin ce, Uwata."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Kika fita da gudu kina kuka, ni kuma na tsaya baki buɗe ina kallon tsohon nan. Ya yi min wani irin kallo da ya sa na haɗiye maganata.

Na san kin fi ni sanin abin da zan rubuta yanzu, aikinki ne. Amma kin fita kafin likitar ta yi bayani, kuma akwai abin da ta faɗa da ba ki ji ba. Ta ja kujera ta zauna kusa da babanku, ta ce jikinmu duka ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kowace tana rayuwa da iskar da jini yake ɗauko mata daga huhu, wadda suke ce wa oksijin. Ta ce Allah ya sa wa kowace ƙwaya wata dabara: in iskar nan ta yi mata kaɗan sai ta ankara, ta aika a janyo mata sababbin hanyoyin jini, kafin su iso kuma ta koma rayuwa da sukari zalla. Da haka rauni yake warkewa. Tsiron maraƙi in aka shaƙe shi, dabararsa ba ta kai shi ko'ina, sai ya mutu ya faɗi.

"Amma ƙwayar daji, Alhaji, wannan dabarar ita ce makaminta. Ƙarin yana girma fiye da yadda jini zai ishe shi, don haka tsakiyarsa kullum a shaƙe take. Masu rauni su mutu, masu taurin kai su rage. Su ne suke janyo jijiyoyi, su saki junansu, su bi hanyar jini da ta kaluluwa su nemi wani wurin."

Babanku ya gyaɗa kai a hankali.

"Wato kamar makiyayi. In rijiya ta ƙafe ba zama zai yi ya mutu ba, tashi zai yi."

"Haka ne, Alhaji."

Yaya yana tsugune bakin ƙofa, sandarsa a tsakanin gwiwoyi. Ya ce:

"Likita, a dabba ma haka ne?"

"Saniya, doki, kare, mutum, duk dabarar ɗaya ce, Baba."

"To ɗaurin ne ya kore shi ciki?"

"Ba zan rantse a kan haka ba. Wannan ciwon yana shaƙe kansa da kansa ko ba a ɗaure ba, watakila ma ya riga ya tashi kafin a kawo izga. Abin da na tabbatar shi ne, izga ta cire wanda ake gani ta bar na ƙasa, hankali ya kwanta, aka zauna. Watannin da aka zauna su ne asarar."

Kun ji dai. Ko da a ce Yaya ne ya ɗaure, likitar da ta duba hannun da idonta ba ta ce shi ya kashe shi ba. Balle ma ba shi ba ne.

Aka yi aiki aka cire abin da za a iya cirewa, har da na hammata. Daga nan aka shiga gashi, wato a kwantar da mutum ƙarƙashin wani inji yana haska wurin don ya ƙone ragowar ciwon. Nan ma likitar ta gaya mana gaskiya tun farko, ta ce hasken ya fi cin naman da iska take ratsawa, wanda ya saba da shaƙewa taurin kai yake yi masa. Haka kuwa aka yi. Muka share watanni a garin mutane. Yaya a barandar asibiti ya shimfiɗa tabarmarsa, shi yake ɗaga babanku, shi yake kai shi bayi, shi yake yawo cikin gari neman nono mai kyau don shi kaɗai cikin babanku yake karɓa. Ummi, in ya kawo abinci ba kya ci. Nura, kai da ka zo, a gaban mutane ka ce masa ya koma wurin shanunsa, abin da ya yi ya isa. Na so in wanke ka da mari ranar, Allah ne ya riƙe hannuna. Yaya ya tashi. Ya naɗe tabarmarsa ya koma bayan katanga inda ba za ku gan shi ba, yana leƙe, in kun fita ya shigo.

Sai tari ya zo. Ranar da na fara jin sa muka haɗa ido da Yaya, ba wanda ya ambaci farar saniya, amma na san ita yake tunani. Hoto ya nuna abin ya kai huhu. Aka jawo tukunyar iska aka sa wa babanku roba a hanci, da ya ɗan samu numfashi ya kalle ni ya ce:

"Kin ga ikon Allah, Malama. Ni ake ba iska a tukunya, shi ciwon ba ruwansa da ita."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Ni ban yi ba. Bayan nan likitar ta kira ni gefe ta ce in muna so mu kai shi gida cikin 'yan'uwa, za ta rubuta abin da zai rage masa zafi. Muka dawo Daura da shi a kwance a bayan mota, kansa a cinyar Yaya.

Kada ku ɗauka babanku ya ji daɗin abin da ya faru. Wata rana da azahar, kin tafi sayo magani, Ummi, ina yi masa fifita, Yaya yana zaune a ƙasa. Babanku ya kamo bakin rigarsa.

"Yaya, ka bari in faɗa mata. Ina jin abin da suke yi maka."

"Rufe bakinka, Auta."

"Ba zan tafi da wannan ba."

"Na ce ka rufe bakinka. Yarinya za ta rasa uba, kada ta rasa har da maganarsa. Kai tafiya za ka yi, ba ka da lokacin da za ta huce da kai. Ni ina nan, za ta huce."

Babanku ya sunkuyar da kai, hawaye yana bin gefen fuskarsa zuwa kunne. Da a gindin bedi ya sunkuyar haka, da watakila wani labarin nake rubutawa. Bai kai damina ba. Bayan addu'ar bakwai Yaya ya same ni a tsakar gida, ya tsuguna nesa kaɗan kamar yadda ya saba, ya ce maganar nan ta tsaya tsakaninmu, ya roƙe ni don Allah. Ina cikin takaba, ban da ƙarfin musu, kuma tunda na shigo gidan nan ban taɓa ƙin maganarsa ba. Na ce to. Shi ma a zatonsa fushinku na 'yan watanni ne. Ga shi yau Ummi kina da 'ya'ya masu zuwa makaranta, ba su san hanyar Dutsi ba. Har gobe ina jin haushinsu su biyun, ɗaya ya ɗaure hannunsa, ɗaya ya ɗaure bakina.

Makon jiya na je duba shi. Idonsa ya yi rauni sosai, sai dai ya gane mutum da murya. Matarsa ta ce min yana jin ƙarar mota a ƙofar gida ya ce a ɗauko babbar tabarma a shimfiɗa, wadda ake ajiye wa baƙi. Na yi sallama, ya amsa, ya karkata kai yana sauraren bayana.

"Malama, ke da wa?"

"Ni kaɗai ce, Yaya."

"To. Sannu da hanya."

Muna gaisawa na lura ya naɗe wuyansa da rawani, ga zafi ana yi kamar a dafa mutum. Na zauna da ƙanensa shekaru, na san me ake ɓoyewa da tufafi. Na ce ya kwance. Ya ce sanyi yake ji. Na ce wallahi ko ya kwance ko in kwance da kaina, girma ya faɗi. Ya kwance. Ƙari ne a ƙasan kunnen dama, bai fashe ba. Bai ɗaure ba, bai bari kowa ya taɓa ba, wanzamin garin ya zo ya kore shi. Na ce to ya tashi ga mota, mu wuce asibiti yanzu.

"A'a, Malama. Na kai Auta da ƙafarsa, na dawo da shi a kwance. Na ga wurin nan, ya ishe ni."

Na yi masa faɗa irin wanda ban taɓa yi masa ba. Na ce shi da ya ji bayanin likita da kunnensa, shi da ya san abin da zama yake jawowa, shi ne zai zauna? Na ce ashe taurin kan na gado ne, na ɗauka a wurin Auta kaɗai yake. Ya bar ni na gama, yana murza bakin tabarma, sannan ya ce a hankali:

"Da Uwata ce ta ce in je, da na je."

Nan na gaya masa zan rubuta muku komai, kuma ba izininsa na zo nema ba. Ya ɗago kai da sauri, idon nan da ba ya gani ya cika da ruwa.

"Don Allah Malama, kada ki ɓata wa yaro suna."

Yaro! Mutumin da ya mutu da farin gemu.

To ga shi na rubuta. Babanku ne ya zaro silin, shi ya ɗaure da haƙoransa, shi ya saɓa miki alkawari, Ummi, don yana tsoron wuƙar likita kuma yana jin kunyarki. Mutumin kirki ne, ya yi kuskure, ya biya da ransa. Ku yi masa addu'a, in za ku yi fushi da shi ku yi, ba abin da zai rage masa yanzu. Amma wanda yake da rai yana Dutsi. Na taɓa ƙarin da hannuna, ƙarami ne har yanzu, yana motsi ƙarƙashin fata, kuma ke kin fi kowa sanin abin da watanni suke yi. Nura, motarka lafiyarta ƙalau, na gan ta ranar Juma'a.

Da na tashi tafiya na ce wa matarsa ta naɗe babbar tabarmar nan kada awaki su taka. Yaya ya ji. Ya ce a bar ta.